Wa Ke Bin Wani? Bambancin "Borrow" Da "Lend"

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanakin baya aiki ya kai ni Ikko, na sauka a Agege gidan wani dattijo mutumin garinmu, wanda ya shekara fiye da 20 yana cinikin goro a can. Na san shi mutum ne mai fara'a da son ba'a, amma a wannan zuwa na tarar ya yi zuru-zuru, ko tuwon dare ba ya iya gamawa. Bayan sallar lisha na matsa kusa da shi na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda da aka ninke gida huɗu, ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka yi boko, karanta ka gaya mini wa ke bin wani a nan."

Ga yadda abin ya faru. Wani maƙwabcinsa ɗan gari, mai shagon kayan masarufi, wanda suka shekara goma suna zaman mutunci, ya shiga matsi, sai dattijon nan ya ranta masa naira 400,000 a kan zai biya bayan wata shida. Don gudun mantuwa suka ce a rubuta. Aka aiki ɗan dattijon, yaro ɗan aji biyar na sakandare, ya je shagon da ake buga takardu ya sayo takardar yarjejeniya irin wadda an riga an tsara ta, sai cike gurbi kawai. A samanta akwai gurbi biyu, ɗaya an rubuta "Lender", ɗaya kuma "Borrower". Yaro ya tashi yana jin Turancin kasuwa, sai ya ce a ransa, ai Baba ne ya yi "borrow" ɗin maƙwabci kuɗi, ashe ke nan Baba shi ne "borrower". Ya rubuta sunan mahaifinsa a nan, ya sa na maƙwabci a ɗaya gurbin. Maƙwabci ya sa hannu bai duba ba, dattijo ya dangwala yatsa, kowa ya ɗauki kwafi ɗaya ya adana.

Bayan wata huɗu Allah ya yi wa maƙwabci rasuwa. Da magada suka zo harhaɗa kayansa suka ga takardar cikin akwati, suka karanta, sai ga shi ɓaro-ɓaro ta ce mai goro ne ya karɓi naira 400,000 daga hannun mahaifinsu. Ba su zo da niyyar zalunci ba, abin da suka gani a rubuce suka bi. Suka yi sallama cikin ladabi, suka ce in da hali a taimaka a biya su kuɗin marayu. Kun ji yadda mai bin bashi ya wayi gari shi ake bi.

Dattijo ya yarda in ba ku labarin, muddin na sakaya sunansa, kuma zan faɗi yadda aka ƙare nan gaba. Amma tun da yawancinku da ke Ikko, da Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal kuna harkar bashi kullum da mutanen da ba sa jin Hausa, na ga ya kamata mu zauna mu warware kalmomin nan biyu tukuna.

INDA HAUSA TA RABA DA INDA TURANCI YA RABA

Mu Hausawa abin da muke dubawa shi ne irin kayan. In abu ne da za ka yi amfani da shi ka mai da shi kansa, kamar keke, ko tsani, ko gatari, ko tabarmar biki, sunansa aro. In kuwa abu ne da za ka kashe ko ka cinye sa'an nan ka biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi, ko mudun gero, ko gishirin miya, sunansa rance. Wanda ya ce ya ranci keke dariya za a yi masa. To amma wajen nuna mai bayarwa da mai karɓa, kalma ɗaya muke juyawa. Mukan ce "na ari keke", mu kuma ce "ya ara mini keke". Mukan ce "na ranci kuɗi", mu kuma ce "ya ranta mini kuɗi". Tushe ɗaya ne, ƙarshen kalmar da ɗan "mini" ko "masa" ɗin nan su ke nuna inda kaya suka nufa.

Shi kuwa Bature bai damu da irin kayan ba. Keke ne, kuɗi ne, littafi ne, mudun gero ne, duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da yake dubawa shi ne hannun da kaya suka fita da hannun da suka shiga. Wanda kaya suka fita daga hannunsa, shi ya yi "lend", watau ya ba da aro ko rance. Wanda kaya suka shiga hannunsa, shi ya yi "borrow", watau ya karɓi aro ko rance. Harka ɗaya ce, amma kowane ɓangare da kalmarsa, kamar yadda Turanci ke da "sell" ga mai sayarwa da "buy" ga mai saye. In ka sayar wa mutum da rago ba za ka je kana cewa ka sayi rago ba. To haka nan in ka ranta wa mutum kuɗi, kai "lender" ne, shi ne "borrower".

Wannan shi ne dalilin da ya sa Bahaushe ke yin tuntuɓe a nan. Ya saba da kalma ɗaya mai fuska biyu, sai ya ɗauki "borrow" ya maƙala mata "me" kamar yadda yake maƙala wa "ara" kalmar "mini", ya ce "borrow me your pen". Irin wannan tuntuɓe ne ke sa wani ya ce "learn me English", don a Hausa ana cewa "na koyi Turanci" kuma ana cewa "koya mini Turanci", alhali Bature ya ware "learn" ga ɗalibi, ya ware "teach" ga malami.

YADDA KOWACE TAKE TAFIYA A CIKIN ZANCE

Dukansu biyu kalmomin aiki ne, waɗanda malaman nahawu ke kira fi'ili ko aikatau, amma ba tafiyarsu ɗaya ba.

Mu fara da "borrow". In abin ya riga ya wuce sai a ƙara mata "ed" ta zama "borrowed". Abin da ke bin ta nan take shi ne kayan da aka ara, sa'an nan in ana son a ambaci mai kayan sai a kawo "from", watau daga. Misali, "I borrowed a bicycle from my brother", ma'ana na ari keke daga wurin ɗan'uwana. Ba ta yarda sunan mutum ya shiga tsakaninta da kayan ba. Wanda ya ce "I borrowed my brother a bicycle" ya karya ƙa'ida, kuma mai saurare ba zai san wa ya ba wani ba sai dai ya yi kirdado.

Ita kuwa "lend" ba ta karɓar "ed". In abin ya wuce sai ta koma "lent". Babu wata kalma "lended" a Turancin makaranta. Kuma hanya biyu gare ta. Kana iya sa mutum gaba sa'an nan kaya, ka ce "I lent my brother a bicycle". Kana kuma iya sa kaya gaba sa'an nan ka kawo "to", ka ce "I lent a bicycle to my brother". Duka biyu daidai ne, kuma ma'anarsu na ara wa ɗan'uwana keke. Don haka a riƙe: "borrow" abokiyarta "from", "lend" abokiyarta "to".

Wajen roƙo ma sai an lura da wanda aka fara ambata. In da kanka ka fara, sai ka ce "May I borrow your pen?", watau ko zan iya aron alƙalaminka. In da mai kayan ka fara, sai ka ce "Please lend me your pen", watau don Allah ara mini alƙalaminka. Akwai masu gudun kuskuren farko su faɗa wa na biyu, su ce "May I lend your pen?" Mai faɗin haka izini yake nema ya ɗauki alƙalaminka ya ara wa wani daban.

Akwai wuri ɗaya tak da "borrow" ke tafiya da wanda aka yi wa alheri, kuma Hausa ta fi kowa saurin gane shi. Ku dubi bambancin "ranta mini" da "ranto mini". Na farko daga aljihunka nake so. Na biyu kuwa cewa nake ka je wurin wani ka karɓo ka kawo mini. Wannan na biyun shi ne Bature ke cewa "borrow for me". In mutum ya ce "My uncle borrowed the money for me", kawunsa ba nasa ya ba shi ba, ranto masa ya yi, kuma mai kuɗi kawun zai bi.

Malaminmu na Turanci a sakandare ya ba mu wata dabara da har yau ban manta ba. Ya ce mu haɗa "lend" da 'yan'uwanta biyu masu kama da ita, "send" da "spend", watau aikawa da kashewa. Duk ukun kuɗi fita suke daga hannunka, kuma duk ukun iri ɗaya suke juyawa: "lent", "sent", "spent". Ita kuwa "borrow" ya ce mu haɗa ta da "tomorrow", watau gobe, don wanda ya ci bashi duk ran da ka je masa sai ya ce ka dawo gobe.

BA MU KAƊAI KE HAƊA SU BA

Kada wani ya ga kamar wannan ƙauyanci ne na ɗan Arewa. Masu masaukinmu Yarbawa ma kalma ɗaya gare su, "ya", wadda ke ɗaukar ara da kuma ara wa. Jamusawa, da suke dangin Ingilishi na kusa wajen harshe, suna da "leihen" da "borgen", kuma kowace ana juya ta ga mai bayarwa da mai karɓa. Har a Amurka, a jihohi irin su Minisota inda jikokin Jamusawa da mutanen Sikandinebiya suka yi yawa, akan ji 'yan ƙasa suna cewa "borrow me".

Turancin buroka kuwa, wanda shi ne harshen kasuwa daga Mile 12 har Fatakwal, yana da tasa ƙa'ida, kuma a cikinsa "abeg borrow me" daidai ne, kowa ya gane. Harshe ne mai zaman kansa, har gidan rediyon BBC ya buɗe masa sashe a 2017. Ba wanda ya ce ku daina yin sa a tasha ko a rumfa. Matsalar tana tasowa ne ran da magana ta bar baki ta hau takarda. Takardar banki, da ta lauya, da ta kotu, da ta jarrabawar yaranku ta kammala sakandare, duk da Turancin makaranta ake karanta su, kuma a can "borrow" fuska ɗaya gare ta.

ASALIN KALMOMIN

In muka leƙa tarihi za mu ga dalilin wannan rabuwa. A tsohon Turanci na shekaru fiye da 1,000 da suka wuce akwai kalma "borg", mai nufin jingina, ko mutumin da ya tsaya wa wani. Daga nan "borrow" ta fito: karɓar abu bayan ka ba da jingina ko ka kawo mai tsaya maka. Tun asali, ke nan, aikin mai karɓa ne. Ita kuma "lend" daga wata tsohuwar kalma ta fito mai nufin abin da aka ba mutum na wani lokaci, kuma danginta ce "loan", wadda Ingilishi suka samo daga mutanen Sikandinebiya da suka zauna a sassan ƙasarsu.

Wannan "borg" ba baƙon abu ba ne ga fataken Kurmi, shi ne lamuni. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969 inda ya nuna yadda cinikin shanu a can ya dogara ga bashi. Mahauci ya ɗauki sa ya yanka ya biya daga baya, maigida kuma shi ke tsaya wa baƙonsa da ya kawo shanu daga Arewa har kuɗinsa su fito. Sai dai a lura, irin wannan bashi na kaya ba a ce masa "borrow" ko "lend". Wanda ya ɗauki sa ko huhun goro zai biya daga baya, Bature cewa yake ya saya "on credit". In kuwa abin hawa ne ko ɗaki da za a biya kuɗin amfani da shi, wannan "hire" ne ko "rent", kuma daga "hire" ɗin ne muka samo kalmarmu haya.

Ita "loan" suna ce, ma'anarta rancen kansa, kuma ba ta nuna wa ya ba wani sai an duba kalmar da ke gabanta. "Take a loan" karɓa ne, "give a loan" bayarwa ne. Mutanen Amurka sukan yi amfani da ita a madadin "lend", amma ba a madadin "borrow" ba.

Akwai wata maƙwabciyarsu da ya kamata a yi hattara da ita, ita ce "owe". Bahaushe mai bin bashi yake sawa gaba, ya ce "ina bin sa". Bature kuwa wanda ake bi yake sawa gaba. Saboda haka "ina bin sa bashi" shi ne "he owes me". In ka juya ka ce "I owe him", ka amsa da bakinka cewa kai ake bi.

A WAYA DA JARIDA DA GABAN HUKUMA

Kowa a cikinku yana da malami a aljihunsa. In katin waya ya ƙare ka danna *303#, lambar da aka daidaita wa duk kamfanonin waya a 2023, za ka ga kalmar "borrow". Kai ke karɓa, kuma ran da ka sa kati za su cire nasu har da ƙari. Kamfani ne "lender", kai ne "borrower". Haka nan a labarin gwamnati. A 2005 ƙasashen da ake kira Kulob ɗin Faris suna bin Nijeriya wajen dala biliyan 30, suka yafe biliyan 18, aka biya su wajen biliyan 12, aka gama a 2006. A duk jaridun Turanci na lokacin Nijeriya ce ta yi "borrow", su ne suka yi "lend".

To ga shawara. Na farko, a rubuta bashi komai amincin da ke tsakani. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Na biyu, kafin ka dangwala yatsa, ka sa a nuna maka inda sunanka yake da kalmar da ke gabansa. In kai ka ba da kuɗi, lalle ka ga "Lender", in kai ka karɓa ka ga "Borrower". Na uku, ka sa mai rubutu ya ƙara layi ɗaya da Hausa, ko da boko ko da ajami, cewa wane ne ya ba wane kuɗi kaza ranar kaza. Na huɗu, a jihohi da dama akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubuta masa takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma karanta masa ita ya fassara kafin ya dangwala. Ka nemi a yi maka haka, haƙƙinka ne.

In rigima ta kai ga hukuma, kada ka yi bayani da Turancin da ba ka riƙe da kyau ba, ka nemi tafinta. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, domin bashi maganar kotu ce. A Jihar Ikko an buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, aka sa mata iyakar naira miliyan 5 a lokacin, kuma mutum na iya kai ƙararsa da kansa ba tare da lauya ba.

YADDA AKA ƘARE

Mu koma ga mai masaukina. Da na gama karanta takarda na ce, "Baba, yadda aka rubuta nan kam kai ake bi. Amma a hannu ka ba shi kuɗin, ko ta banki?" Ya ce ta banki, don ran nan ba shi da tsabar kuɗi a rumfa. Washegari muka je aka buga masa takardar da ke nuna shige da ficen kuɗin asusunsa, sai ga naira 400,000 sun fita daga nasa sun shiga na marigayi, a ranar da aka rubuta yarjejeniya. Aka kuma dace wani ƙanen matar marigayi yana shagon sa'ad da aka yi maganar, ya ce zai faɗi abin da ya sani.

Na koma Kano kafin a zauna, amma bayan mako uku ya kira ni. Dattawan ɓangarorin biyu sun taru, an karanta takardar banki, shaida ya yi magana, babban ɗan marigayi ya ba da haƙuri, ya ce za su biya daga cikin gado kashi huɗu. Dattijo ya yafe musu kashi ɗaya saboda zaman da suka yi da mahaifinsu. Na roƙe shi kada ya tsananta wa yaro, don abin da ya rubuta shi yake ji a bakin manya tun yana ƙarami. Ya ce ai ya wuce, har ma ya sa shi ya rubuta kalmomin biyu da manyan baƙaƙe a kwali, da fassararsu a ƙasa, an liƙa a bangon rumfa. Sa'an nan ya yi shiru kaɗan ya ce, "Ɗana, da a hannu na ba shi kuɗin nan fa, kuma ba kowa a shagon?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa na kusa da shi wanda bai yi boko ba, kuma kowa ya ciro takardun bashin da ya ajiye ya sake duba inda sunansa yake. Allah ya rufa mana asiri, ya ba masu bashi ikon biya, amin.